Darasin Mako: Wanda Ya Bar Cin Nama, Lafiyarsa Ƙalau Kuwa?

 

'Yan'uwa, darasin wannan mako ba ni na zaɓe shi ba, har ofis aka kawo mini shi. Ranar Litinin bayan La'asar wani dattijo cikin 'yan goronmu na nan Sabon Shagamu ya shigo ransa a ɓace, ya ce, "Malam Sakatare, yaron nan nawa ya dawo hutu da wata sabuwa. Wai ya daina cin nama. An yi farfesun kan rago a gida, ko kallo bai ishe shi ba. Ka tambayar mini Malam Liman, wannan ba barin hanya ba ne? Kuma jikinsa ba zai lalace ba?" Alhaji ya yarda in rubuta maganar a nan saboda amfanin jama'a, amma ban da suna. Saboda haka masu son bincike a majalisa, don Allah a yi haƙuri.

Tambayar tasa kashi biyu ce, ta addini da ta lafiya. Ta addinin ita ce mai sauƙi, da ita zan fara.

Na kai wa Malam Liman maganar bayan Magariba. Abin da ya ce shi ne, cin nama halal ne, ba farilla ba ne, kuma babu inda aka ce musuluncin mutum bai cika ba sai ya ci tsoka. Abin dubawa shi ne dalilin barin. Ya tuna mini labarin da ke cikin Bukhari da Muslim, ranar da aka kawo wa Manzon Allah (SAW) gasasshen damo, ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haramun ne, aka nuna masa ba haramun ba ne, kawai dai ba abincin ƙasar su Manzon Allah ba ne kuma ransa ba ya so. Halidu ya jawo ya ci a gabansa. To ka ga, mutum ya bar halal don ransa ba ya so, ko don likita ya hana shi, ko don bai natsu da yankan ba, kamar yadda da yawanmu muke yi idan tafiya ta kai mu garin da ba mu san mahautansa ba, duk wannan babu laifi.

Inda laifin yake shi ne mutum ya mayar da barin nama ibada, ko ya ce yanka dabba zalunci ne, masu ci kuma azzalumai. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin wasu sahabbai da suka so su ƙara wa kansu tsanani, wani ya ce ba zai yi aure ba, wani ya ce ba zai ci nama ba, wani ya ce ba zai kwanta a shimfiɗa ba. Manzon Allah (SAW) bai yarda da wannan ba. Aya ta 87 a Suratul Ma'ida ita ma ta hana muminai su haramta wa kansu kyawawan abubuwan da Allah ya halatta musu. Layya kuma tana nan daram ga mai iko, ko zai ci naman ko ba zai ci ba. Cin naman layyar abin so ne, ba dole ba.

Malam ya ƙara da wani abu da ya tsaya mini a rai. Ya ce magabata ba kullum suke cin nama ba. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda ake yin wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Manzon Allah (SAW) ba, dabino da ruwa ne abincin, sai madarar da maƙwabta ke aikowa. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik kuma an kawo gargaɗin Sayyidina Umar (RA) cewa nama yana da sabo mai kama mutum irin na giya. Wanda ya taɓa ƙoƙarin wuce teburin mai tsire da dare da kuɗi a aljihu ya san wannan magana gaskiya ce.

Yanzu sai ɓangaren lafiya, kuma a nan ne maganar take da tsawo.

Da farko, "na bar nama" ba magana ɗaya ba ce. Akwai wanda ya bar naman dabba da na kaza amma yana cin kifi. Akwai wanda ya bar nama da kifi amma yana shan nono yana cin ƙwai. Sannan akwai wanda ya bar duk abin da ya fito daga jikin dabba, ba nono, ba ƙwai, ba man shanu. Tsakanin na farko da na ƙarshe akwai tafiya mai nisa. Na farkon babu abin da za a ji masa tsoro. Na biyun ma haka, idan ya san abin da yake ci. Na ukun ne sai an yi da gaske.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. Ga Jami'ar Babcock nan a Ilishan, kusa da mu, ta mabiya cocin Adventist. Ɗakin cin abincinta ba a dafa nama, dubban ɗalibai kuma suna karatu suna gamawa. 'Yan wannan coci da ke Amurka an daɗe ana bincike a kansu. Wani babban bincike da Jami'ar Loma Linda ta fara a 2002, da mutum wajen 96,000, ya nuna waɗanda ba sa cin nama a cikinsu sun fi ƙarancin ƙiba da hawan jini da ciwon suga. Sai dai mu tuna mutanen nan galibinsu ba sa shan taba ba sa shan giya, kuma masu kula da jikinsu ne, ba za a jingina komai ga barin nama kaɗai ba. A Ingila ma masana na Jami'ar Oxford sun bi mutum kusan 48,000 na tsawon shekara 18, suka fitar da sakamako a 2019. Sun ga marasa cin nama sun fi ƙarancin ciwon zuciya, amma shanyewar ɓarin jiki ta ɗan fi yawa a cikinsu. Kun ga ke nan, masu bidiyon waya da ke cewa barin nama maganin kowace cuta ne sun yi ƙari, masu cewa wanda ya bar nama zai faɗi ya mutu su ma sun yi ƙari.

Yawan naman shi ma yana da nasa. A 2015 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ya daɗe, irin su naman gwangwani da sosej, yana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, kuma jan nama, wato na shanu da tumaki da awaki, ana kyautata zaton yawansa yana jawo ta. Busasshen nama mai gishiri yana cikin kashin farko, don haka masu kilishi ku yi haƙuri da ni. Ba a ce wanda ya ci tsaraba sau ɗaya a wata ya shiga uku ba. Mai ci kullum ake nufi.

To me mutum yake rasawa idan ya bar nama? Abu uku ne manya.

Na farko sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin. Wannan shi ne mutane suka fi jin tsoro, kuma shi ne ya fi sauƙin samu, musamman ga Bahaushe. Babban mutum mai nauyin kilo 70 yana bukatar kimanin giram 56 a rana. Busasshen wake giram 100 yana ɗauke da wajen giram 23, gyaɗa wajen 25, waken suya ya haura 35, ƙwai ɗaya kuma giram 6. Amma a lura, wake idan ya dahu ruwa yake sha ya kumbura, saboda haka ba cokali biyu a gefen shinkafa ake nufi ba, sai an ci da ɗan yawa. Wani abin sha'awa, hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da wake ke da shi, wake kuma yana da ƙarancin wani da hatsi ke da shi. Idan aka haɗa su sai su cike wa juna. Iyayenmu ba su shiga aji ba, amma dubi abin da suka bar mana: shinkafa da wake, koko da ƙosai, kunun gyaɗa, tuwo da miyar wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, fura da nono, daddawa a kowace miya. Awara da yaranmu ke saya a bakin makaranta ita ce dai abin da masu barin nama a ƙasashen waje suke saya da tsada. Nan ƙasar Yarabawa ma ba mu rasa komai ba. Ewa wake ne, moimoi alale ne, iru daddawa ce, ewedu lalo ne, gbegiri miyar wake ce, ga agushi, ga wara da Fulani ke kawowa.

Na biyu sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke yin jini da shi. Akwai shi a wake da ganye da riɗi, sai dai jiki ya fi saurin ɗaukar wanda ke cikin nama da hanta da kifi. Na cikin tsirrai sai an taimaka masa. Abin da ke taimakonsa shi ne bitamin C, wato lemo, gwaba, tumatir, tattasai, mangwaro. Ka matsa lemon tsami a kan kwaɗo ko ka sha lemo bayan wake, ka ƙara wa jikinka abin da zai ɗauka. Abin da ke hana shi kuwa, a nan zan taɓa kowa har da kaina: shayi. Shayi mai kauri da aka sha tare da abinci yana rage ƙarfen da jiki zai ɗauka sosai. Mu kuwa a rumfa ana sauke kwano ake ɗora buta. Ba a ce a daina ba, wa ya isa? A dai bar tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi, musamman mata da 'yan mata, waɗanda suka fi kowa fama da ƙarancin jini saboda al'ada da ciki da haihuwa.

Na uku shi ne wanda nake so kowa ya riƙe sunansa: bitamin B12. Wannan ba ya cikin wake, ba ya cikin gyaɗa, ba ya cikin zogale duk da yabon da muke yi masa. A nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa. Abin da jiki ke bukata ɗan mitsitsi ne, maikirogiram 2.4 a rana ga babba, amma idan babu shi jini yana raguwa kuma jijiyoyi suna lalacewa. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa da wuri. Hanta tana ajiye shi na shekaru, saboda haka mutum zai bar nama da ƙwai da nono ya yi shekara biyu ko uku yana bugun ƙirji yana cewa ku gan ni garau, alhali rumbun yana ƙarewa. Sai a fara da kasala, da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa da hannu, da mantuwa, da tangaɗi wajen tafiya. A wurinmu kuwa da an ga haka sai a ce sanyi ne ko sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe. Idan aka daɗe ba a gano ba, lalacewar jijiyar tana iya zama ta dindindin. Shi ya sa duk wanda ya bar abincin dabba gaba ɗaya, shan ƙwayar B12 dole ne a kansa, ba ado ba ne. A Indiya, ƙasar da ta fi kowace yawan marasa cin nama, galibinsu suna shan madara, amma duk da haka ƙarancin wannan bitamin ya yi yawa a cikinsu. Tsofaffi da masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin su ma yana iya yi musu ƙaranci ko da suna cin nama, su tambayi likitansu.

Ina cikin haɗa wannan darasi sai wani tunani ya zo mini, kuma shi ne ya sa na ga maganar ba ta gidan Alhaji kaɗai ba ce. Yaron Alhaji ya bar nama da niyya, har ana ta ce-ce-ku-ce. Amma mu nawa ne a cikin wannan masallaci muka bar nama ba da niyya ba? Tsada ta raba gidaje da yawa da nama, sai ranar suna ko Sallah. Bambancin kawai shi ne, shi yaron ya san ya bari yana neman abin da zai maye gurbi, mu kuwa ba mu ma lissafa kanmu a cikin waɗanda suka bari ba, balle mu nemi madadin.

Dubi abincin ɗan kasuwa ko ɗan dako ko mai acaɓa da ke zaune a nan ba iyali. Da safe shayi da burodi. Da rana teba ko garin kwaki da suga. Da dare taliyar leda wajen mai shayi, idan ciniki ya yi kyau a fasa ƙwai ɗaya. Garin rogo giram 100 ko giram 2 na furotin bai cika ba. Ciki ya cika, jiki bai samu komai ba. A gida Arewa, talakan da bai ga nama ba yana da gero da dawa da wake da nono da kuka. Mun zo Kudu mun ajiye waɗannan mun kama rogo da farin burodi don sun fi sauƙin samu. Wani kuma zai ce ai ina cin ganda kullum. Ganda tana da daɗin tauna, ban musa ba, amma fata ce, ba ta ba da abin da tsoka ko kifi ko ƙwai ke bayarwa. Kuɗin gandar nan da ka sayi ƙwai ko ƙosai da shi, da ka fi riba.

Haka nan dattawanmu da likita ya ce su rage nama saboda hawan jini ko ciwon gaɓɓai. Na san wanda da aka faɗa masa haka sai ya yi fushi da komai, ya bar nama, ya bar kifi, ya bar ƙwai, ya koma teba da miya tsura, ga dunƙulen magi huɗu a tukunya. Cikin 'yan watanni ya zube, hawan jinin kuma yana nan, domin gishirin bai ragu ba. Baba, "rage" aka ce, kuma galibi kitse da kayan ciki da gishiri ake nufi. Kafin ka bar ɗakin likita ka tambaye shi me za ka ci a madadin. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ɗauki shawarar wake da gyaɗa daga wannan takarda, nasa tsarin daban ne, likitansa zai tsara masa.

Inda abin ya fi tsanani shi ne yara da masu ciki da masu shayarwa. Babba yana iya jure gwaje-gwaje a jikinsa, yaro ba ya iyawa. Cikinsa ƙarami ne, ba zai ci waken da zai ishe shi ba, ga shi ƙwaƙwalwa da ƙashi suna girma. Masana lafiya suna ba da shawarar yaro daga wata 6 zuwa shekara 2, ban da nonon uwa, ya riƙa samun wani abu daga dabba kullum, ko ƙwai, ko kifi, ko ɗan nama. Uwar da ba ta da B12 a jikinta, nononta ma ba zai samu ba, jaririn ne zai fara shan wahala. Saboda haka mai ciki ko mai goyo da ba ta cin nama ta faɗa wa ma'aikatan asibiti ranar awo, ta kuma sha magungunan ƙarin jini da ake ba ta, kada a jefa su ƙarƙashin katifa don wai suna sa ɗa ya yi girma a ciki.

A nan dole in faɗi wata gaskiya ga mu magidanta. A gidaje da yawa idan an samu 'yar tsoka huɗu a miya, uku kwanon maigida suke tafiya. Maigidan da ya riga ya tsaya wajen mai balangu a hanya. Yaron da aka yaye da matar da ke da ciki, waɗanda suka fi kowa bukata, sai romo. Har yanzu kuma akwai masu hana yaro ƙwai wai zai koyi sata. Haba jama'a! Ƙwai bai taɓa koya wa kowa sata ba. Idan kuɗin cefane bai kai nama ba, busasshen kifi ko kirefish da aka daka aka zuba a miya ko a faten yaro yana yin aiki babba da kuɗi kaɗan. Nono kuma a tabbata an tafasa madarar kafin a yi shi. Gyaɗar da ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar, kada a ce asara, tana ɗauke da guba mai cutar da hanta.

Shekaranjiya Laraba Alhaji ya dawo, wannan karon tare da yaron. Na tambaye shi, "Ƙanena, me ya sa ka bari?" Ya ce tun da ya raka abokinsa mayanka ya ga yadda ake jan shanu ana dukansu, ga ƙazanta, ransa ya fita daga nama. Malam Liman ya ce masa wannan abin da ya gani shi ma addini bai yarda da shi ba, domin an umarce mu da kyautata wa dabba har a wajen yanka, a wasa wuƙa, a hutar da ita. Ya tambaye shi, "Kana ganin naman haramun ne?" Ya ce, "A'a Malam, ni dai ba na iya ci." Malam ya juya wajen mahaifin ya ce, "Alhaji, ɗanka bai bar hanya ba."

Sai na tambaye shi abin da yake ci a makaranta. Ya fara lissafi: taliyar leda, burodi, soyayyen dankali, lemon kwalba, wani lokaci shinkafa da miya. Wake fa? Yana ɓata masa ciki. Ƙwai? Sai jefi-jefi. Alhaji ya dube ni ya ce, "Ka ji ko?" A nan kam uban ne da gaskiya, ko da yake ba ta inda ya zata ba. An rabu a kan yaron zai riƙa cin ƙwai da nono da awara, zai jiƙa wake ya kwana kafin a dafa don ya rage damun ciki, kuma zai je a auna jininsa kafin ya koma makaranta. Kifi ya ce zai yi tunani. Alhaji kuma ya yi alkawarin daina kiransa ɗan akuya a gaban ƙannensa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya yalwata mana abincinmu na halal, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum warahmatullah.

Sakataren Masallaci